Takwas Ta Ishe Ta

Ranar da Khaula ta shiga shagon Saifullah mai gyaran kwamfuta a Tudun Wada, rungume take da laftof kamar mai kai jariri asibiti. Shekara uku ke nan tana ɗaukar hoton littattafan kakanta, rubutun hannu da gara ke ci, tana adanawa a cikin laftof ɗin, ga shi yanzu shafi ɗaya sai ya yi minti biyar bai buɗe ba.

"Malam, a sa mata ram, ƙwaƙwalwar nan mai ƙara sauri, mahi girma da kake da shi."

Ya kwance bayan laftof ɗin, ya duba. "Gig huɗu gare ta. Takwas ta ishe ta. Wagga ba ta ɗaukar hiye da haka."

"Kai ba ka son ciniki?"

"Ina so. Na dai hi son ki dawo da murmushi."

Ya sa mata takwas ɗin. Khaula ta dawo kuwa, har sau shida, alhali lafiyar laftof ƙalau.

Sai dai da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Malam Sodangi na Ƙofar Dundaye, ko sauraro bai yi ba. "Gidan ilimi muke. Ba ni ba mai sukundireba ɗiyata." Hankalinsa na kan ɗalibinsa Abdulshakur, wanda ko albasa zai saya sai ya yi Larabci.

Da Abdulshakur ya ji zancen takwas, dariya ya yi, wai rowa ce. Ya sayo ram mai talatin da biyu, ya cire takwas ɗin, ya cusa da hannunsa a zaure, gaban Malam. Aka danna. Baƙi ƙirin. Aka sake dannawa, shiru.

Khaula ta rubuta wa Saifullah a waya:

"Nurina, laftof ta mutu. Abdulshakur ya ce wa Baba kai ka lalata ta tun farko, kuma ya yarda. Rabin littattafan gara ta gama da su, hotunan kaɗai suka rage. In sun tafi, ni da kai mun ƙare. Wallahi numfashi ma ya gagare ni."

"Kar kowa ya ƙara taɓa ta, Khaulata. Ga ni nan."

Bayan la'asar ya yi sallama. Ba wanda ya ba shi tabarma.

"Ina ram ɗin da anka cire?"

Abdulshakur ya ɗage kafaɗa. "Na yar da shi cikin shara."

Irin wannan tsohon samfurin, sai a zaga garin nan ba a samu ba. Saifullah ya durƙusa gaban kwandon shara da farar shaddarsa, yana tona ɓawon lemo da toka. Khaula na bayan labule tana kuka, ta ma rasa addu'ar da za ta kama.

Ya same shi. Ya goge, ya hure, ya mayar. Ya danna.

Haske ya kawo. Rubutun kakan ya cika fuskar laftof, baƙi da jan tawada.

Malam ya daɗe yana kallon rubutun mahaifinsa, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya dubi shaddar da ta ɓaci.

"Shekara talatin ina karantar da amana, yau na gan ta durƙushe gaban sharata. Tashi, ɗana. Ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a zauren nan. Amarya ta tare da laftof ɗinta, har yau takwas ce a ciki. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.