Sushin Gidan Daigo

Da kifi a hannunta ya fara ganinta. Chinatsu na tsaye a rumfar mahaifinta a kasuwar kifi ta Himi, a ƙasar Japan, tana jera kamun safiya a kan ƙanƙara, sai ga wani dogon saurayi mai tabarau ya nuna wani ƙaton kifi mai sheƙi.

"Don Allah wannan, yaya ake soya shi?"

Ta ɗago ta dube shi kamar ya zagi wani nata. "Soyawa? Kifin da ya fito daga ruwa yanzun nan? Kai daga ina?"

"Daga Nagano. Ni ne sabon malamin makarantarku, sunana Teppei."

"Shi ya sa. Ɗan dutse ne kai, ba ku da teku."

Ta yanko siririn yanka ta miƙa masa ɗanye. Ya tauna, ya lumshe ido, da ya buɗe kuma ba kifin yake kallo ba. Tun daga ranar kullum yana rumfar, tana koya masa duba ido da jan naman kifi, yana yi kamar ya manta don ta maimaita. Ita ta ce masa Ɗan Dutse, shi ya ce mata 'Yar Teku.

Amma fa Hamaguchi, mahaifinta, ko sunan Teppei ba ya son ji.

"Mutumin da bai san kifi ba, me zai sani a kan 'yata? Ga Daigo nan, ɗan aminina, ya gaji gidan sushin ubansa, inda ake sayar da dunƙulen shinkafa da ɗanyen kifi, ke kuma kin nace wa mai cin alli."

"Baba, na gaya wa Daigo ba na sonsa, na kuma gaya maka."

Sai da mahaifiyarta ta yi ta lallami kafin ya yarda a yi zaman haɗuwar iyaye, inda gida biyu ke cin abinci tare kafin a tsayar da magana. Amma ya kafa sharaɗi: shi zai zaɓi wurin. Ina kuwa ya zaɓa? Gidan sushin Daigo! Nufinsa yarinya ta ga da idonta abin da ta ƙi.

Ta rubuta wa Teppei: "Ɗan Dutse, tarko ne. Baba zai sa maka ido a kan kowace loma. Don Allah kada ka ba ni kunya."

Ya amsa: "Kwantar da hankalinki 'Yar Tekuna. Ko ƙaya aka ba ni zan haɗiye, in dai ke ce ladan."

Ranar ta zo. Iyayen Teppei suka iso daga Nagano da kwalin tuffa, aka durƙusa aka gaisa, aka zauna a kan tabarma a ɗakin baƙi. Daga nan sai jira. Ba shayi, ba ɗan tawul ɗin goge hannu, ba wanda ya leƙo. Zance ya ƙare, aka koma maganar ruwan sama, ita ma ta ƙare. Ƙafar Chinatsu ta yi sanyi, ranta kuma ya yi zafi. Da shayin ya zo, ya huce, matar da ta kawo shi ta dangwarar har ya fantsamu a hannun rigar mahaifiyar Teppei, ta juya ko haƙuri babu.

"Ai ba komai," in ji baiwar Allah, tana gogewa da hankicinta.

Can sai ga Daigo da kansa, ɗauke da babban faranti na kowa da kowa. Bai dubi kowa ba sai Chinatsu. Ya ajiye, ya ce, "A ci lafiya," ya fice.

Kallo ɗaya ta yi wa farantin gabanta ya faɗi. Shinkafar ta sandare, wasu dunƙulen sun wargaje. Rabin kifin da dama-dama, rabin kuwa ya dushe, gefensa ya bushe, kifin jiya ne ko shekaranjiya. Kishi ne tsagwaronsa aka jera musu a faranti. Ta saci kallon mahaifinta: kunnuwansa sun yi ja wur. Shi ya kawo baƙi, kuma a irin wannan zama wanda ya kushe abinci mai gayya ya kushe. Ba mai cewa uffan, ba kuma a barin faranti da saura.

Teppei ne ya fara miƙa sandunansa na cin abinci. Ya ɗauko wani dusasshen yanka ya kai baki. Ashe an cusa wasabi a ƙarƙashinsa, koren yajin nan mai hawa ka. Hawaye suka zubo masa har tabarau ya yi hazo. Ya haɗiye, ya sake ɗauko wani, wanda ya fi na farko muni.

"Teppei, ci a hankali mana," in ji mahaifinsa. "Ka bar wa mutane."

"Yunwa nake ji, Baba."

Haka ya yi ta lodawa kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba. Chinatsu ta zungure shi ta ƙarƙashin tebur, ko gezau. Wayyo takaici! Duk koyarwar da ta yi ta tafi a banza. Da farantin ya ƙare, ya sunkuyar da kai gaban mahaifinta ya ce cikin girmamawa, "Hamaguchi-san, na gode da wannan liyafa."

Aka tashi ba a yi maganar aure ba, ba a ma kusanci maganar ba.

A mota ta rubuta masa a waya: "Ka gode? Ruɓaɓɓen kifi ka gode wa? Ka tabbatar wa Baba duk abin da yake faɗa. Ka kashe mu, Teppei."

Shiru, ba amsa. Wannan ya ƙara tunzura ta.

Da safe ta fito da kumburarrun idanu, ta tarar da mahaifinta bai tafi kasuwa ba, abin da ba ta taɓa gani ba. Yana sanye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa manyan sha'anoni.

"Ɗauko tukunyar kunun shinkafar da uwarki ta dama. Yaron nan yana kwance da ciwon ciki, na tabbata."

"Baba, ai ka yi nasara. Bai san kifi ba, na yarda."

"Ke ce ba ki san mutum ba!" ya daka mata tsawa. "Wanda bai san kifi ba, duk wanda hannunsa ya kai yake ɗauka. Ni na ƙirga masa loma. Ko sau ɗaya bai taɓa mai kyau ba. Marasa kyaun ya bi ɗaya bayan ɗaya ya cinye, don kada su shiga bakin uwarki da iyayensa, don kada wani ya yamutsa fuska a teburin da ni na gayyata." Muryarsa ta sauka. "Ni na haƙa masa rami, shi ya rufa mini asiri."

Kunya da so suka rufe Chinatsu, ta je ta ɗauko tukunyar.

Suka sami Teppei kwance a ɗakinsa, fuska ta yi fari fat, iyayensa na zaune a gefe. Ya yunƙura zai tashi, ta danne kafaɗarsa.

"Ɗan Dutse, ka yafe mini. Me ya sa ba ka amsa saƙona ba?"

"'Yar Teku, inda na kwana ba a shiga da waya."

Ta fashe da dariya tana hawaye.

A al'ada saurayi ne ke durƙusawa ya roƙi uba 'yarsa. Amma Hamaguchi, mutumin da duk kasuwa ke shakkar bakinsa, shi ne ya zube gwiwa biyu gaban baƙin nan, ya dafa tabarma, ya kai goshinsa ƙasa.

"Jiya na ci mutuncinku, ku gafarce ni. Yau kuma roƙo na zo. Ku ba 'yata ɗanku."

Mahaifiyar Teppei ta rufe baki tana kuka. Mahaifinsa ya sunkuya shi ma ya ce, "Mun ba ku, har abada."

Da bazara aka ɗaura auren. Chinatsu ta fito cikin farar kimono, doguwar rigar gargajiyarsu, Teppei na gefenta ya kasa rufe baki. 'Yan kasuwar kifi suka cika wurin da shewa, tsofaffi na ta sa albarka. Da aka ce uban amarya ya yi jawabi, ya miƙe, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Sai kawai ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin na angon, ya riƙe su duka biyun gam, ya daɗe bai saki ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.