Motar Alhaji Shafi'i

"Fito! Komot! Fito na ce!"

Ɗanjuma ne, bindiga a hannu, ya riga ya finciko ƙofar direba. Ƙarfe huɗu na yamma, kan hanyar Ikeja zuwa Agege, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Motar Siyana ce fara, tsohuwa amma fes, irin wadda wani mai kwance motoci a Ota ya ce a kawo masa. Yaronsa Nazir ya gitta babur a gabanta. Saurayin da ke tuƙi ya faɗo ƙasa, hannu sama. Matar da ke gefensa kuwa ta riƙe ƙofa gam.

"Don Allah! Gawa ce a baya! Mijina ne!"

"Kowa da irin ƙaryarsa," in ji Ɗanjuma. Ya fizge ta ya yar. Tau! Ya saki harsashi ɗaya sama. 'Yan talla suka watse suna ihun ɓarawo da Yarbanci, "Ole! Ole!"

Shitu, na ukunsu, ya faɗa kujerar direba, Ɗanjuma ya shige gefensa, Nazir ya biyo su a babur. Minti ɗaya bai cika ba.

Shi Shitu tuƙi ne nasa, bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma da wannan yake lallashin kansa. Shekara tara yana okada kafin a kama babur ɗinsa a niƙe. Shekara biyu ke nan yana ja wa Ɗanjuma motocin mutane, ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Amma hannun direba ba ya mantuwa. Yana riƙe sitiyarin nan ya san mai motar yana sonta. Burki lafiya lau, kujeru sun sha rufi, carbi na lilo a madubi, ciki sai ƙamshin turare.

Suka faɗa wani rami. Wani abu ya gungura a baya, dim!

Shitu ya ɗaga ido ya dubi madubi. An kwantar da kujerun baya. Zanen atamfa ne shimfiɗe, ya zame, ga ƙafafu biyu a waje, an ɗaure manyan yatsun da ƙyalle.

"Innalillahi... Oga, matar nan ba ƙarya ta yi ba."

Ɗanjuma ya waiga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja tsaki.

"Kai, wannan wace irin rana ce! To, ba komai. Bi ta bayan Abule Egba, akwai kanal. Mu sauke shi."

"A ruwa?"

"A'a, a otal! Dalla malam tuƙa mota."

"Musulmi ne fa, oga. Ko wanka ba a yi masa ba."

"Kai ne limamin? Mota aka ce mu kawo, ba a ce da fasinja ba."

Shitu ya ci gaba da tuƙi. Ali ya faɗo masa a rai, ƙaninsa, wanda tirela ta take shi da babur a Oshodi shekara huɗu da suka wuce. Kwana goma sha ɗaya Shitu yana bin mutuware ɗaya bayan ɗaya, ana ja masa akwatunan sanyi yana leƙa fuskokin da bai sani ba. Ba a ga Ali ba har yau. Duk sanda ya kira gida, tsohuwarsu tambaya ɗaya take yi: "A ina kuka sa shi?" Shi ya sa ya daina kira.

Can bakin titin da suka baro, matar tana zaune a caɓi, ba takalmi. Mariamu sunanta. Saurayin, Munir, ƙanin mijinta ne, yana yi wa 'yan sanda bayani da Yarbanci, suna ta magana a rediyo. Ita ba ta ko kalle su ba. Ta ari wayar wata mai lemo, ta danna lambar Munir, don wayarsa na cikin motar.

A bakin kanal ba kowa sai shara da baƙin ruwa. Ɗanjuma ya sauka, Nazir ya kafe babur.

"Oya, buɗe but!"

Shitu ya dube su a madubi, su biyu tsaye a bayan motar suna naɗe hannun riga. Yatsansa na kan maɓallin buɗe but ɗin. Ya ɗauke shi, ya sa giya, ya take totur har ƙasa!

"Shitu! Kai, ɗan iska!"

Tau! Tau! Tau! Gilashin baya ya tarwatse. Wani abu ya doke shi a kwiɓi kamar an jefe shi da dutse. Bai tsaya ba. Ya kauce wa keke, ya goga wata bas ta danfo, kwandasta na zaginsa, ya hau titi.

Waya ta yi ƙara a aljihun ƙofa. Ya ɗauka.

"Bawan Allah," muryar mace, ta dishe, "ku riƙe motar. Wallahi na yafe. Ku ajiye min shi a inda zan same shi."

"Hajiya, ina ne gidan?"

Ya sake tambaya.

"Ina ne gidan? Ina kawo shi."

"Agege... bayan layin dogo, kusa da masallacin mahauta. Ka ce gidan Alhaji Shafi'i." Sai ta fashe da kuka. "An haƙa kabari tun azahar. Shi ya ce in ya rasu kada a hayo masa motar asibiti, a tasa za a kai shi gida. Kullum da asuba da hannunsa yake wanke ta."

"Na gani, Hajiya. Mota ta ji kulawa."

Rigarsa ta jiƙe, ta manne da kujera. Jiniya ta taso a bayansa, wiii! wiii! Bai ƙara gudu ba, bai rage ba. Ramuka kawai yake kauce wa, a hankali, don kada Alhaji ya sake gungurawa.

Unguwar ta cika da mutane, labari ya riga shi isa. Ya tsaya daidai ƙofar masallaci, ya ja burkin hannu, ya kashe mota. Matasa suka yo kansa da gorori.

"Shi ne! Ɓarawo! A fito da shi!"

"Ku fara ɗaukar gawa, marasa hankali!" wani dattijo ya daka musu tsawa. "Rana na faɗuwa!"

Aka buɗe but, aka kakkaɓe gilas daga zanen, aka shiga da Alhaji Shafi'i. 'Yan sanda suka iso, Mariamu da Munir a bayan motarsu. Wani kofur ya buɗe ƙofar Shitu da ankwa a hannu, ya ga jinin, ya mayar da ankwar aljihu.

Mariamu ta matso. Shitu ya miƙa mata makulli.

"Za a samu... kafin magariba?"

"Za a samu."

"To, madalla." Ya jingina kansa. "Wallahi na gaji, Hajiya."

An binne Alhaji Shafi'i ana kiran magariba. Shitu bai kai asibiti ba, a bayan motar 'yan sanda ya cika. Nazir aka kama bayan kwana uku yana neman sayar da babur, shi ya nuna maɓoyar Ɗanjuma a Ota. Ɗanjuma ya ce ba zai fito ba, aka fito da gawarsa.

Gawar Shitu ta yi kwana goma sha tara a mutuware. Wa zai je ya ce ɗan fashi nasa ne? Mariamu tana takaba, ba ta fita. Ran nan ta kira Munir, ta ajiye masa makulli da yadin likkafani.

"Yaya, mutumin da ya yi mana fashi?"

"Mutumin da ya kawo yayanka. Je ka ɗauko shi. Ka karɓo lambar gidansu a wayarsa, in yana da uwa a faɗa mata inda aka sa shi."

Munir ya ɗauki makullin ba don ransa ya so ba. Ba a gyara gilashin baya ba tukuna, leda aka liƙa. Ya kwantar da kujerun, ya zauna a kujerar direba mai hudar harsashin, ya tayar da mota.