Gargaɗin da Aka Rufe wa Baki

Wata budurwa ta shigo ofishin da waya biyu, tata da ta mahaifinta, wanda ya rasu wata bakwai baya.

"Wannan ce ke ƙara kullum da safe," in ji ta. "Mama ta daina shiga ɗakinsa."

Saurayin da ta tarar, aikinsa gadin shafukan intanet da kamfaninsu ke ajiye wa mutane. Allo ɗaya, shafuka ɗari huɗu a jere, kowanne da ɗigo a gefe: kore lafiya, ja akwai ɓaraka. Ya nemo na mahaifinta, inda Malam ya tara darussansa na murya. Ja ne.

"Ba fatalwa ba ce, gargaɗi ne kamfaninmu ke turo masa a kan shafin. Manhajar da ke kunna muryoyinsa ta tsufa, masu kutse sun san ƙofarta."

Ya danna ɗaya daga cikin muryoyin. Muryar dattijo ta cika ofishin yana koyar da lissafi. Dattijon ya yi tari, ya ce, "Ku yi haƙuri, mu koma baya." Ta juya fuskarta ga bango. Ya jira.

"In ka sabunta ta fa?"

"Shafin zai canja kama. Jerin ma zai iya hargitsewa."

"To kar ka taɓa. Da hannunsa ya jera su."

Akwai maɓallin da ke sa gargaɗi ya yi shiru ba tare da an gyara komai ba. Ya san bai kamata ba. Ya dubi idonta, ya danna.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Mai gadi, ka ci abinci ko ɗigo kake kallo?"

"'Yar Malam, ɗari huɗu nake gadi, ɗaya nake tunani."

"Shafin ko ni?"

"Shafin ba ya min tsiya, shi ya sa ba ya burge ni."

Da maganar aure ta taso, Mama ba ta karɓe shi ba. Ɗan wanta likita take so wa 'yar. Amma ba wannan ne ainihin dalilin ba.

"Tun da yaron nan ya shigo, wayar ta yi shiru," ta ce. "Ina tsoronta, amma ina jiranta. Ya kore min Malam."

Bayan wata huɗu wani tsohon ɗalibin Malam ya kira. Shafin ya koma tallan caca. Muryoyin babu.

"Ka ce gadi kake," 'yar Malam ta rubuto masa. Ba ta ƙara ɗaukar kiransa ba. Likitan kuwa ya samu abin faɗa.

Kwana tara yana tonon tsofaffin kwafin da kamfani ke adanawa. Ya toshe ɓarakar, ya maido da darasi ɗari da tamanin da bakwai. Uku sun tafi.

Ya je gidan, ya zauna a ƙasa gaban Mama.

"Ni na rufe wa gargaɗin baki, Mama. Na san haɗarin."

"Ita ta sa ka?"

"Ni ne mai gadin."

"Ni na hana shi, Mama," 'yar ta faɗa daga bakin ƙofa.

"Ba ke na tambaya ba. Waɗanne suka ɓata?"

"Na ƙarshe guda uku."

Mama ta juya ta dubi ƙofar ɗakin Malam.

"Ina ɗakin lokacin da ya naɗe su. Tari ya fi karatun yawa. Ban taɓa iya sauraronsu ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kunna min na farko. Lokacin yana da ƙiba."

Ya kunna. Su uku suka saurara har ƙarshe.

"Ka turo manyanka," in ji Mama.

Ranar da amarya za ta bar gida, Mama ta sa aka kira ango.

"Taurin kan ubanta ne da ita. In ta yi kuskure ka faɗa mata, ko za ta yi fushi. Kar ka ƙara yi mata shiru don so."

"In sha Allahu, Mama."

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu yi muku addu'a. Ku tafi, kafin in fasa."