Kira Goma Sha Ɗaya

Sau goma sha ɗaya matar tela ta buga lambar gaggawa ranar Talata da hantsi, ko ɗaya bai shiga ba. Mijinta na yashe tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye, ya dafe ƙirji. Kafin maƙwabta su samo mota, rai ya yi halinsa.

Washegari wani Sufeton 'yan sanda ya karɓi wayar ya duba. Caji cike, layi lafiya.

"Ba ni kaɗai ba ce, ranka ya daɗe," in ji matar. "Wayar mai shago, wayar ƙanwar mijina, duk ba sabis. Kuma layinmu ba ɗaya ba ne."

Wannan maganar ce ta kai shi hukumar kula da sadarwa, inda aka haɗa shi da wata injiniya mai ƙarancin magana.

"Sharaɗi ne muke gindaya wa kowane kamfani kafin lasisi," ta ce. "Kiran gaggawa ba ya tambayar layin wa ne. In turken sabis na kamfaninka ya mutu, wayar ta kama na wani kamfanin. A kan haka ake ƙera wayoyin, a kan haka ake kafa turakun."

"To in kamfanoni uku suka ƙi a lokaci guda fa?"

"Akwai hannun mutum."

Sun fara da Dogo, maigadin turken unguwar, domin satar batir ba baƙon abu ba ne.

"Ina kake ranar Talata da ƙarfe goma?"

"A kan bencin nan, ranka ya daɗe. Ni da ko batirin tocila sai uwargida ta cire mini?"

Injiniya ta buɗe akwatin batura. Batura takwas, kowanne da hatimin hukuma, ba wanda aka taɓa. Aka sallami Dogo.

Ma'aikacin kamfanin da ke kula da turken ya zo da kwamfutarsa yana gumi, don ya san hukuncin sakaci. Amma bayanan sun wanke shi. Turken bai ɗauke ba ko na daƙiƙa. Yana aika saƙo, sai dai ba ya samun amsar wayoyin da ke titin su tela. Abin ya faru Litinin, Talata da Laraba, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Na sauran kamfanonin ma haka.

Na uku shi ne mai gyaran waya na bakin kasuwa, wanda ya maƙala na'urar ƙara sabis a rufin shagonsa.

"Ina hatimin hukuma a jikinta?"

"Yallaɓai, haka na saye ta."

An ƙwace ta, amma Injiniya ta girgiza kai bayan ta gwada. Zangon sadarwar kamfani ɗaya kawai take taɓawa, kuma wuni take yi a kunne. Ba ita ba ce.

Ranar Alhamis, tara saura, suka tsaya a bakin titin su tela. Injiniya na riƙe da na'urar auna zango, wadda ke nuna abin da ke yawo a iska. Allon shiru. Can aka kaɗa ƙararrawa a bayan wata doguwar katanga. Ba a yi minti biyu ba allon ya cika da hayaniya tun daga wannan gefe har wancan. Sufeto ya ciro wayarsa. Ba sabis.

"Mene ne a bayan katangar nan?" ya tambayi wata mai wucewa.

"Sakandare ce. Jarrabawa suke yi tun Litinin."

Shugaban makarantar dattijo ne mai furfura, wanda rabin unguwar suka bi ta hannunsa. Ya tarbe su a ƙofar zauren jarrabawa, yana magana ƙasa-ƙasa don kada ɗalibai su ɗago. Injiniya ta bi na'urarta har gindin wani kabad. A samansa, bayan tarin tsofaffin rajistoci, ga baƙin akwati mai ƙahoni shida.

"Naka ne, Malam?"

"Nawa ne. Bara ta waya aka turo wa ɗalibai amsoshi, aka soke sakamakon aji guda. Na rantse ba za a sake ba. Wanda ya sayar mini da na'urar ya ce sabis ɗin zauren nan kaɗai za ta toshe."

"Iska ba ta san katanga ba," in ji Injiniya. "Shi ya sa ba ma ba irin wannan hatimi. Zangon nan rabo aka yi, kowa da gonarsa. Kai ka shiga duka."

"Da batir aka sace, kamfani ɗaya zai mutu," Sufeto ya ce. "Da na'urar mai gyara ce, wuni za a yi ba sabis. Abin da ke toshe kamfanoni uku daga tara zuwa sha biyu, jadawali yake bi. Telan bayan katangarka ya faɗi ƙarfe goma da kwata. Matarsa ta yi ta neman motar asibiti."

Dattijon ya lalubi kujera ya zauna.

"Na je gaisuwa jiya," ya ce. "Na ce mata ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare."

Injiniya ta zare wayar wutar, ta sa akwatin a jakar shaida, ta rubuta lokaci.

Dattijon ya dubi Sufeto. "Alfarma ɗaya, ɗana. Saura minti arba'in su gama takardar farko. Kada su ga an fita da ni suna tsakiyar rubutu."

Sufeto ya dubi agogo, ya ja baya ya tsaya a bakin ƙofa. Dattijon ya zaga layukan kamar kullum, hannuwa a baya. Da lokaci ya cika ya karɓi takardun da kansa, ya ƙirga, ya ɗaure. Sannan ya kira mataimakinsa, ya danƙa masa makullan makarantar, ya juyo.

"Mu tafi," ya ce.