Bindigar Naira Tara

"Naira goma sha huɗu da sule uku," in ji Mamuda. "Shi ke nan abin da muke da shi."

Ɗanmaliki ya leƙa cikin hular da aka tara kuɗin, ya tsartar da yawu. Su uku ne tsugune a bayan wata matacciyar gingimari a tashar Kankiya, ana kiran magariba, ba wanda ya motsa. Wai su nan 'yan fashi ne. Mamuda yaron mota ne da aka kora saboda satar fetur, babur ɗin da yake taƙama da shi ma na yayansa ne. Hamma kuwa fari ya cinye masa shanu, ya koma bin kasuwanni yana leƙen aljihun mutane. Shi gogan, Ɗanmaliki, shekara tara ya yi a Kano, ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau da baki. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane ɗan akawu ya sayi babur, shi kuwa ko sabulu sai ya roƙa.

"Sake faɗa mana, Hamma," in ji Ɗanmaliki.

"Malam Ummaru na Yashe. Ya sayar da gyaɗarsa, ran kasuwar Kusada zai sayar da bijimai biyu. Makka yake son tahiya. Za shi kai naira ɗari bakwai a jikinshi."

"To kun ji. Abin da ya rage ƙarfe."

"Adda fa?" in ji Hamma.

"Kai, rufe mana baki. Wa ke tsoron adda a garin da kowa ya kwana da ita? 'Yar ƙarama muke so, wadda za ta shige aljihu, in an danna ta amsa."

Ba wanda ya ambaci sauran maganar, amma kowa ya san ta. Tun bayan yaƙi, wanda aka kama ya yi fashi da makami, turke ake kafa masa, a harbe shi a bainar jama'a.

Washegari Ɗanmaliki ya sami wani tsohon soja da ake kira Kofur, a ɗakinsa na bayan mahauta. Kofur ya kwance tsumma a kan tabarma. Bindiga ce baƙa, sumul, tana ƙamshin mai. Ɗanmaliki ya matso kusa.

"Nawa?"

"Sittin. Harsashi naira bibbiyu."

"Haba Oga, a duba dai."

"Nawa ka zo da shi?"

"Sha huɗu."

Kofur ya yi dariya har da tari. Ya jawo wata daga ƙarƙashin gado, tsatsa ta ci rabinta. "Wannan ashirin. Takan tashi in ta ga dama. Ran da ba ta ga dama ba, sai ka jefi mutum da ita ka ruga." Ya naɗe kayansa. "Tashi ka ba ni wuri. Sha huɗu ko akuyar kirki ba ta saye."

Ɗanmaliki ya fito yana zagin uwar Kofur a cikin ransa. A bakin mahautar ya tuna da kawunsa.

Dabo maƙerin Kunduru ƙanen mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi tun yana shekara biyar da ta rasu. Ya ciyar da shi, ya yi masa kaciya, ya zaunar da shi gindin zugazugi ko ya koyi sana'a. Ɗanmaliki ya ce shi ba zai ƙare da baƙin hannu ba, ya gudu. Tun da ya dawo bai taka Kunduru ba sai ran nan, da goron sule ɗaya a aljihu.

Ya tarar da tsohon yana dukan garma a kan uwar maƙera. Dabo ya ajiye masaba, ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, kai ne? Iyatu, kawo hura, ɗanki ya zo."

Bayan an gaisa an sha fura, Ɗanmaliki ya gyara murya. "Kawu, aiki na samu. Gadin sito a Kano. Sun ce sai mai makami za su ɗauka."

Ƙarya ce wadda ko yaron goye ba zai saya ba, amma tsohon ya shekara tara yana roƙon Allah ya ji kalmar aiki daga bakin nan. Ya tashi ya shiga ɗaki. Dabo yakan ƙera wa mafarauta dogayen bindigogi, gajera kuwa sau ɗaya ya taɓa yi, wa wani falke da ya mutu bai zo karɓa ba. Ya fito da ita. Mummuna ce, ƙotarta ta ƙirya, bakinta kamar na buta.

"Ɗuri guda take ci," in ji shi. "Amma ɗurin nan ba ta hwashin shi."

Ya kai shi bayan gari, ya gwada ta a gindin kuka sau uku. Sau uku ta amsa.

"Nawa, Kawu?"

"Mi za ni ce maka? Ba ni kuɗin ƙarhe, goma."

Wallahi sai da ɗan banzan nan ya taya. Ya tsaya yana ciniki da mutumin da ya goya shi, har aka sauka tara. Biyar ɗin da ta rage ya soke a aljihu, ya riga ya shirya gaya wa abokansa sha huɗu ya saya.

Har ya miƙe, tsohon ya ce, "Dakata. Ba ta da shaida."

Ya karɓe ta, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga mata ƙafar kaza da ɗigo uku a saman baki. Haka yake yi wa duk abin da ya fita daga hannunsa, garma ko lauje ko kwashe. Wanda ya kawo ƙarfe mai wannan shaida ya ce ya lalace, gyara kyauta ne, shekara arba'in ke nan.

"In ta ba ka wahala ka maido."

Da Mamuda ya ga shaidar sai ya ɓata rai. "Oga, a goge wannan."

"Da me? Ka san kuɗin magagari? Kuma wane ne zai tsaya karatun ƙarfe an ɗora masa bindiga a goshi?"

Mutumin da rabonsa da riƙe fartanya shekara tara ke nan, shi ke faɗin abin da manomi zai gani.

Ran kasuwar Kusada, bayan la'asar. Hamma ya ga an biya Malam Ummaru, ya ga ya tura kuɗin cikin lalitarsa, ya ga ya hau akori-kurar Shehu direba. Suka riga ta a babur. A kwanar wata korama kan hanyar Yashe suka gicciya kututture, suka naɗe fuska da rawani.

Motar ta taho tana nishi, cike da mata da buhuna da kwaryar nono. Ta ci birki.

"Kowa ya sauko! Ƙasa — ƙasa na ce!"

Mata suka fashe da salati. Hamma yana ta kaɗa sanda a iska, Mamuda ya ƙi kashe babur. Ɗanmaliki ya finciko Malam Ummaru daga gidan gaba, ya manna masa bakin bindiga tsakanin ido biyu.

"Lalitar!"

"Ɗana, kuɗin Makka ne."

"Ka je a ƙafa. Kwance ta!"

Malam Ummaru yana kwancewa, idonsa yana kan ƙarfen da ke gaban hancinsa. Ina kuma zai duba? Ya ga abin da ya gani, ya miƙa lalitar.

Shehu direba ne bai iya haƙuri ba. Ya zaro ƙarfen taya daga ƙarƙashin kujera, ya zagayo ta baya —

"Oga, bayanka!"

Ɗanmaliki ya juya ya danna. Ta amsa. Shehu ya zauna daɓas a kan rairayi, yana duban ƙirjinsa kamar wanda miya ta zubo wa.

"Mu tafi! Mu tafi!"

Su uku a babur ɗaya, Hamma a ƙarshe takalminsa ɗaya ya faɗi. A wani kangon rugga suka raba kuɗin, Ɗanmaliki ya ɗauki rabi saboda wai shi ya yi aikin. Kowa ya kama gabansa ba ko sallama.

Shehu ya cika kafin a kai shi asibiti. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

A ofishin 'yan sanda Saje Bube ya buɗe littafi. "Malam, ka ga fuskarsu?"

"Ban gani ba."

"Murya fa?"

"Ban santa ba. Amma na san bindigar."

Saje ya ɗago kai. Malam Ummaru ya tsuguna, ya zana ƙafar kaza da ɗigo uku a ƙasa da yatsa.

"Shekara ashirin ina kallon wagga shaida tun daga asuba har azahar. Tana kan garmata, tana kan laujena. Aika gidana a ɗauko maka."

Saje Bube bai aika ba. Ɗan manomi ne, akwai irinta a rumbun ubansa. Kafin hantsi jif ɗinsu tana ƙofar maƙerar Kunduru.

"Baba, aikinka ne gajerar bindiga mai wannan shaida?"

"Nawa ne," in ji Dabo. Bai taɓa musun aikinsa ba.

"An kashe mutum da ita jiya. Wa ka sayar wa?"

Tsohon ya zauna a kan kututturen da yake zama kullum. Sannan ya ce, "Na manta."

Kwana biyu yana tsare, ana tambayarsa safe da yamma, amsar ba ta canza ba. Saje har lallashi ya yi. "Baba, wanda kake rufa wa asiri ba zai rufa maka ba." Dabo ya ce ya manta.

Labari ya iske Ɗanmaliki a Kankiya, gaban mai tsire, da sabon agogo a hannu. Aka ce an kama maƙerin Kunduru, ya ƙi magana. Ya ajiye tsinken tsiren. Ya san in ya miƙa kansa za a saki tsohon a ranar. Ya yi wannan tunanin, a ba shi haƙƙinsa, ya yi shi kamar na minti biyu. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa motar Kano ke tashi da safe.

Bai hau ta ba. Iyatu matar Dabo ta yafa mayafi ta tako har ofis da ƙafarta.

"Ni ban manta ba," ta ce wa Saje. "Ɗanmaliki ne. Na dama mashi hura da hannuna, Allah ya isa."

A tasha aka kama shi, ƙafa ɗaya a kan mota, bindigar tana cikin jakarsa don ya kasa rabuwa da kayan naira tara. Ba a ko tambaye shi ba ya fara zuba. Ya ba da Mamuda, ya faɗi ɗakin da yake kwana. Ya ba da Hamma. Da ya ji wani ɗan tsare yana cewa wanda aka sa aiki ba a harbe shi, sai wanda ya sa, sai ya nemi a kira masa Saje.

"Ranka ya daɗe, mu yara ne. Tsohon ne ubangidanmu. Shi ya tsara, shi ya ba da makami, rabi muke kai masa."

Saje Bube ya dube shi kamar ya ga abin da kare ya amayar, amma dole ya rubuta. Mamuda da Hamma da suka ji, suka ce ai haka ne, su ma ko sa tsira. A kotu aka ɗaga bindigar, aka nuna shaidar, aka tuna kwana biyun da tsohon ya yi yana ɓoye suna. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya ce babu. Hukunci ɗaya aka yanke musu su huɗu, ƙaryar ba ta sayi ko kwana guda ba.

To ga ribar. Shehu yana kabari. Malam Ummaru an mayar masa da naira ɗari biyu da agogon Ɗanmaliki, bai je Makka ba har ya mutu. Maƙerar Kunduru ta rufe, manoman ƙasar suka koma sayen garmar kasuwa mai karyewa a damina guda.

Ran da aka kafa turaku huɗu a filin bayan gari, jama'a har kan itatuwa. Ɗanmaliki jan sa aka yi, ya jiƙa wandon nan mai faɗin ƙafa. Aka ɗaure shi kusa da kawunsa. Yana kuka da majina, yana jiran tsohon ya tsine masa, don ya fi sauƙi.

Dabo ya gama kalmar shahada, ya juyo da kai iyakar yadda igiya ta bari.

"Ɗana."

"Kawu, ka yafe..."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ran nan, da ka danna ta, ta yi maka gardama?"

"A'a, Kawu."

"Sau guda ta tashi?"

"Sau guda."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya mayar da fuskarsa wajen sojojin da suka durƙusa.

"To, ni dai ban cuce ka ba."