Sallama a Kan Dutse

Muna hawan wani dutse kusa da Argungu, Kawu Dankure ya ce, "Musaddiq, in magariba ta riske mu bisa, kowa ya yi ma sallama, kak ka amsa."

Na shagala da kallon fadamun shinkafa, har magariba ta yi, Kawu ya yi mini nisa. Sai na ji ƙarnin kifi, alhali gulbi yana can ƙasa.

"Salamu alaikum."

Bakina ya riga ni. Wa zai ji sallama ya yi shiru?

Tsoho ne da homar kamun kifi, rigarsa sharkaf.

"Madalla, ɗana," in ji shi. "Taho ka raka ni gida."

Na yunƙura zan gudu. Ashe a busasshen dutsen nan, ruwa har ya kai mini gwiwa.