Inda Suke Ɗaure Jirginsu

A shekara ta 2003 ina aiki a garin Yanbu na ƙasa mai tsarki, a wani kamfani da ya samu kwangilar shimfiɗa hanyar masu keke a bakin Sharam, reshen tekun nan da ya kutso cikin ƙasa kamar kogi. Badaru ne shugaban ma'aikata. Tare muka taso a unguwar Harra ta Yamma, kwano ɗaya, bulalar malami ɗaya. In ya ce mini tafi, ba na tambayar ina.

Masunta ba sa ƙaunar hanyar, kuma da gaskiyarsu, don mun tashe su daga inda suke ɗaure kwale-kwalensu. Babbansu, Baba Maiturare, Bahaushen Sudan, abu ɗaya ya roƙa. Akwai wani tsohon zoben ƙarfe a jikin dutse da ba wanda ke ɗaure jirgi a jikinsa. Ya ce a bar shi, yana da masu shi. A gabana Badaru ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Ban san ya sa an sare zoben an malala kwalta a wurin ba.

Wata Laraba gab da magariba ya miƙo mini keke.

"Ya Sabiru, gobe mutanen baladiyya, hukumar gari, za su zo karɓar aiki. Je ka ƙarshe ka dawo, ka duba mana ko akwai tudu."

"Yanzu? Ina sauran?"

"Sun tashi. Minti goma ne, yalla, maza."

Na hau. Kwaltar sabuwa ce, da ɗuminta da warinta. Ruwa kwance a hagu, ko motsi ba ya yi. Sarkar keken kaɗai nake ji, sai kiran salla can nesa.

Sai na ji tuƙi. Filafili yana shiga ruwa, yana fita, a hankali. Na duba, babu jirgi.

Warin jiƙaƙƙen katako da tsohon kifi ya cika mini hanci. Keken ya tsaya cak, ban taɓa birki ba. Na sauke ƙafa.

Wani abu mai sanyi ya zagaye idon sawuna sau biyu. Aka ƙulle.

Ban ga igiya ba. Ruwa kawai na gani yana ɗiga a iska, layi ɗaya, daga ƙafata zuwa teku.

Sawu ya fara bayyana a kan kwalta. Jiƙaƙƙe, babu takalmi. Ɗaya bayan ɗaya suna wuce ni, ina jin numfashinsu a wuyana. Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa.

Igiyar ta ja. Na faɗi.

A kwancen nan na hango farar motar Badaru a bayan tarin tsakuwa, fitila a kashe. Ashe biyo ni ya yi. Na ji sanyi a raina, na ƙwala masa kira har sau uku.

Gilashin motar ya ɗaga a hankali ya rufe.

Nauyin jirgi yana jan ƙafata. Kwalta tana cin gwiwar hannuna. Dugadugina ya taɓa ruwa.

"Kada ka ja, ɗana," wata murya ta raɗa. Baba Maiturare ne, ɗauke da ƙugiyar jirginsa, ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa a ruwa. "Maɗaurin jirginsu suka nema, kai suka tarar a wurin."

Ya cusa ƙarfen tsakanin duwatsu, ya take shi da ƙafa, ya sunkuyar da kai wajen masu sawun.

"Ku yi haƙuri. Ba shi ya sare ba. Ga ƙarfe."

Ruwa ya kai mini ƙugu.

Aka kwance igiyar. Ƙarfen ya yi ƙara, ya karkata wajen teku.

Kwana biyu na yi a asibiti da gocewar ƙashi. Har yau ban ƙara hawa keke ba. Na ji an kafa sabon zobe, an ɗan karkatar da hanyar, masu keke suna ta ƙorafin kwanar da ba su ga dalilinta ba.

A darena na farko a asibitin Badaru ya shigo da ledar dabino. Ina ta jira ya ce tsoro ne ya kama shi, wallahi da na yafe, don ni ma ba jarumi ba ne.

"Ka gane, ɗan'uwa," ya ce, "leburori biyu sun ce sun ji abu a wurin, sun gudu. Dole in tabbatar kafin masu duba aiki su zo. Kai kuwa na san ba za ka ƙi ni ba."

Abin da aljanu suka yi mini bai ƙona raina kamar wannan maganar ba. Su dai kuskure suka yi.

Bai ko kalli ƙafata ba. Ya zaro taswirar hanyar daga aljihu, ya shimfiɗa ta a kan gadona, ya cire murfin biro.

"To, daidai ina ne suka kama ka?"